Mota ta bugu, biya bai ƙare ba: kurakuran da direbobinmu suka fi yi

A unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na Kumasi, a Ghana, samari da yawa da motar wok-an-pe suke ci da iyalinsu: ka karɓi mota, ka riƙa kai kuɗi duk sati, in ka cika ta zama taka. Wasu kuma ta banki ko kamfanin sayar da motoci suka ɗauka. Ko ta wace hanya ce, kafin biyan ƙarshe galibi sunan wani ne a takardun DVLA, hukumar rajistar motoci. Mantawa da wannan shi ne tushen yawancin rigimar da nake gani in mota ta bugu ana saura 'yan watanni.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyewa. Ƙanena ya yi shi. Wata tirotiro, ƙaramar bas ta haya, ta goge masa ƙofar baya wajen Anloga Junction, saura wata huɗu ya gama biya. Bai kira mai motar ba, sai ya zarce Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, aka buge ƙofar, aka cika ta da fila, abin cike lotsawa, aka fesa fenti cikin gaggawa. Da daddare ba ka ganin komai. Ranar da ya kai kuɗin sati, rana tana tsaka, Alhaji mai motar ya zagaya ta, ya tsaya a ƙofar nan, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ƙarar ƙarfe daban, ta fila daban, ga farin ƙofar ya fi na sauran jiki haske. Ya ce, "Yaro, me ya sami motar?" Da ƙanena ya faɗa tun ranar, gyara kawai za a yi magana. Yanzu amana ce ta taɓu, sai da manya suka sa baki kafin a bar masa makulli.

Magazine na da gwanayen da babu kamarsu a ƙasar nan, ba laifinsu ba ne. Wanda ya je yana cewa "Masta, a rufe mini kafin Asabar" shi ya zaɓi aikin da aka yi masa. Gyaran kuskuren nan ba shi da wuya: kafin a matsar da mota, ɗauki hoto ta kowane gefe har da lambar wadda ta buge ka, ka tura wa mai mota ta WhatsApp a ranar, don saƙon ya zama shaida.

Sai sasantawa a bakin titi. Wanda ya buge ka ya roƙe ka, ya miƙo 'yan sidi, kuka rabu. Washegari makanike ya buɗe bonet ya ga lagireto ya tsage, mai laifi kuma ya daina ɗaukar waya. In ɓarnar ta wuce ƙarce, je wajen 'yan sandan MTTD masu kula da hanya a rubuta, domin kamfanin inshora zai nemi rahotonsu. Kada kuma ka fara gyara kafin mai duba ɓarna na kamfanin ya ga motar. In ka riga shi, ka share shaidarka da hannunka.

Da yawa ba su ma san irin inshorar da ke kan motar ba. Tad-fati, wadda doka ta wajabta tun 1958, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta taɓa taka motar. Cikakkiyar inshora ce ke gyara taka, ita ma akwai kason farko da ake barin wa mai ita. Danna *920*57# ka sa lambar mota, za ka ga ko inshorar na raye. Sannan ka tambaya tun yau: in an yi hatsari, wa zai biya kason nan, kuma kwanakin da mota ke gareji ana lissafa kuɗin sati ko ana ɗaga wa'adi? A rubuta amsar, kowa ya sa hannu.

Kayan gyara kuwa, araha ba ta ado. Karɓi rasit ko da na hannu ka saya, kuma kada ka yarda a canza inji ba da sanin mai mota ba, domin lambarsa tana cikin takardu.

Na ƙarshe shi ne zuciya. Gyara ya yi tsada, mutum ya fusata, ya ajiye mota a ƙofar gidan mai ita ya jefa makulli. Dokar sayen kaya da biya kaɗan-kaɗan ta 1974 ta ce in yarjejeniyarku irin wannan ce, a rubuce, kuma ka biya rabin kuɗin, mai kaya ba zai ƙwace su ba sai ta kotu. Amma in kai ka soke da kanka, kariyar nan ta faɗi, kuma za a iya bin ka kuɗin ɓarnar da sakacinka ya jawo. Kafin ka ajiye makulli, haɗa rasit ɗinka da saƙonnin MoMo na tura kuɗi ta waya, ka lissafa abin da ka biya, ka kai wa lauya takardar ya karanta.