Tsohuwar 504 da ta daɗe a ajiye tana baƙin hayaƙi

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya tayar da Peugeot 504 ko 404 bayan shekaru a ajiye, ya ga baƙin hayaƙi a salansa, inji na kakkarwa, ga warin fetur, don Allah kada ya fara da murɗa sukurun kafireta. A nan Garwa ta Kamaru da wannan ake yawan farawa, sai a ƙara dagula lamarin.

Fara da kwance buji, wato fulogi. In ka same su baƙi ƙirin da kunkunniya, fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Buɗe matatar iska, domin ƙurar hunturu da gidan ɓera ko na zanzaro kan toshe ta. Duba cok ma (abin rage iska don tayar da inji da sanyi), wayarsa kan cije ya zauna a rufe.

Amma inda matsalar ta fi ɓuya shi ne kwanon kafireta. Tsohon fetur yakan bushe ya bar danƙo, allurar da ke tsayar da mai ta kasa rufewa. Wani lokaci fulotan ne (abin da ke yawo a kan mai a cikin kwanon yana tura allurar) ya huje ya nutse. Girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki, sauya shi. Wanke tanki tukuna, in kuma zuwa-zuwa (fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya) za ka zuba, tace shi.

Wanda ya fi damuna: sansana baƙin man inji. In yana warin fetur, ko dai ambaliyar kafireta ce ko robar famfon mai ta tsage. Kada ka tuƙa ta haka, gyara ka juye man, inji na iya bugawa.