Yadda ake shirya wa shugabannin ƙungiyoyin unguwa bitar bibiyar ƙaramar hukuma

Tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ƙungiyoyin ci gaban unguwa suka samu bakin tambaya. Sai dai a yawancinsu mutum ɗaya ne ke riƙe da hatimi, littafin kuɗi da lambar wayar kansila. Ran da ya yi tafiya, ƙungiya ta kwanta. Wannan ciwon bita za ta fara yi wa magani.

Don haka kada a gayyaci shugaba shi kaɗai. A ɗauko mutum uku daga kowace ƙungiya: shugaba, sakatare ko ma'aji, da matashi ko mace marar muƙami. Ƙungiya takwas, mutum 24, sun wadatar. Da zarar aji ya haura 30, masu baki ne kawai za su yi magana. Inda mata ba sa sakewa a gaban maza, a ware musu zama da mace mai koyarwa. Kwana uku za a yi, ana barin mako biyu a tsakani saboda aikin gida, ban da Juma'a, ranar kasuwa da lokacin girbi.

Ranar farko ta gyaran cikin gida ce. A rubuta wa'adin shugabanni a tsarin mulkin ƙungiya, misali shekara biyu, zango biyu. Kowane sakatare ya rubuta bayanin taro da hannunsa a wurin: me aka yanke, wa zai yi, yaushe. Asusun banki kuwa, biyu cikin mutum uku ne za su sa hannu, kuma kada su fito gida ɗaya. Masu son asusu da sunan ƙungiya su san cewa banki kan nemi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram.

Rana ta biyu ce ƙashin bayan aikin. A kawo ainihin kasafin kuɗin ƙaramar hukumar, a nuna bambancin kuɗin gudanarwa, wato albashi da hidimar ofis, da na manyan ayyuka. Kowace ƙungiya ta zaɓi aiki ɗaya tak a mazaɓarta, rijiyar burtsatse ko rufin ajujuwa, ta je ta gani da ido, ta ɗauki hoto. Sannan a rubuta wasiƙa bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A tambayi abu uku kawai: nawa ne kuɗin kwangilar, wa aka ba, yaushe za a kammala. A kai kwafi biyu sakatariya, a buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata. Wasiƙar da ta cika da zargin sata a durowa take mutuwa, kuma marar hatimi ko a kotu da wuya ta yi amfani.

Rana ta uku a gwada zama da kansila: ɗaya ya zama kansila mai waskiya, uku su yi magana, minti uku-uku. Kafin zaman gaske a sanar da mai unguwa da dagaci, in ba haka ba za a ce 'yan adawa ne suka turo ku.

Abu biyu ne suka fi ɓata irin wannan shiri. Kuɗin mota in ya yi tsoka, 'yan bin bita ne za su cika kujeru, saboda haka a faɗi adadinsa tun a takardar gayyata, daidai kuɗin zuwa da dawowa. Na biyu siyasa: duk shugaban da ya sayi fom ɗin takara ya sauka tukuna.

Bayan wata uku masu shirya bitar su zagaya ƙungiyoyin, su nemi ganin wasiƙa mai hatimi da littafin taro mai aƙalla zama uku a ciki.