Yadda za ka gyara ɗakin hayarka na farko ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba

Mace idan za ta tare, gwaggonni da yayye ne ke zuwa su yi mata jere, kowane kwano a san inda zai zauna kafin ta sa ƙafa a ɗakin. Namiji kuwa ranar da ya karɓi makulli, daga shi sai katifa da jakar kaya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga abin da ake farawa da shi. Na ga ƙanne da abokai da yawa sun kama ɗakinsu na farko, wasu bayan sun gama hidimar ƙasa, wasu da suka samu ɗan aiki, kuma kusan hanya ɗaya suke bi. Abin da ya rage bayan kuɗin haya da la'adar dillali sai ya tafi a talabijin da sifika. A jefa katifa a kusurwa, tufafi su ci gaba da zama a jaka. Shekara ta zagayo, ɗakin yana nan kamar na wanda zai tashi gobe da asuba.

Tsarin da nake ba kowa shi ne a fara daga ƙasa a hau sama: daɓe, bango, wurin kwana, labule, haske, sannan mazaunin baƙo. Kayan kallo su ne na ƙarshe, idan kuɗi ya ragu.

Mataki na farko, kuma wanda zan fi daɗewa a kai, shi ne ka san ko ɗakin yana da danshi kafin ka shimfiɗa komai. Ni a nan aka ci ni. Na kama ɗakina na farko a Kano cikin watan Fabrairu, lokacin da komai ya bushe ƙayau. Na taɓa bango na ji shi garau, daɓen siminti kuwa ba ko tsaga. A ranar na sayi leda na shimfiɗe ɗakin kaf, na bi gefe da gam, na ɗora sabuwar katifa a kai. Har aka shiga Yuni ban ga komai ba. Da ruwa ya zauna sosai a Agusta sai na fara jin wani wari idan na buɗe ƙofa, irin na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Na yi ta kunna turare ina ɗaukan laifin takalma ne. Ranar da na ɗaga katifar na tarar ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna, na ɗaga ledar na ga ruwa kwance a ƙarƙashinta. Littattafaina da ke jingine da bango sun kumbura, wasu shafukan sun manne. Katifar da ta cinye mafi yawan kuɗina ba ta ƙara moruwa ba, kuma na yi makonni ina fama da mura da tari.

Abin da ke faruwa shi ne, gidajen haya da yawa ana zuba musu daɓe ba a sa ledar da ke tare ruwa a ƙarƙashi ba. Da damina ƙasa tana shan ruwa, siminti kuma yana tsotso shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan daɓen a buɗe yake, iska tana ɗauke laimar a hankali. Da zarar ka rufe shi da leda ka kulle mata hanya, sai ta taru a ƙasa. Shi ya sa ɗakin da aka gani da rani ba a gan shi ba tukuna.

To ga yadda za ka gane. Durƙusa ka duba gindin bango, daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa. Idan fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko ka ga wani farin gari kamar gishiri ya fito, ko launin wurin ya bambanta da na sama, ruwa yana hawa. Idan an yi sabon fenti a gindin bangon kaɗai, wannan ma amsa ce. Ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai zanen ruwan yoyo. Ka zagaya bayan ɗakin ka ga ko kwata ko makwararar banɗaki tana bin jikin bangon. Sannan ka tambayi wanda ya riga ya yi damina a gidan, ba dillali ba. Maƙwabcin da ke haya kamarka ba shi da dalilin ɓoye maka.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo. Yanko farar leda mai faɗin kamar rabin mita, ka shimfiɗa a daɓen, ka bi duk gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka yi haka a wuri biyu ko uku, musamman kusurwar da ke jikin bangon waje da inda kake son ajiye gado. Bar ta kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar ta ciki, ko simintin wurin ya yi duhu, ɗakin yana da danshi. Da rani gwajin zai iya fita lafiya alhali matsalar tana nan, saboda haka idan da rani ka shiga, kada ka manne leda da gam. Shimfiɗa ta kawai, ka maimaita gwajin a Yuli.

Idan ya tabbata akwai danshi kuma ka riga ka biya kuɗi, ba tashi za ka yi ba. Ka haƙura da rufe ɗakin kaf. Goge daɓen, a cike ramuka da siminti, a bar shi ya bushe sosai, kwana bakwai aƙalla, ba kwana ɗaya ba kamar yadda masu gaggawa ke yi. Sai ka sa tabarmar roba ko darduma a tsakiya, wadda za ka iya naɗewa ka shanya a rana duk mako. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango kuwa ban yarda da shi a ɗakin haya ba ko da babu danshi. Yana shan ƙurar hunturu, yana riƙe wari, kuma ba ka da injin zuƙe shi. Idan ɗakin busasshe ne, leda ta isa. Yawanci faɗinta ƙafa 6 ne, don haka ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci yadi 8, layi biyu. Ka zaɓi mai kauri, mai launin katako ko launi ɗaya mara hayaniya. Mai siririn nan da ake sayarwa da sauƙi, ƙafar kujera kaɗai tana huda ta cikin wata guda. A nan dai maganar nan ta araha ba ta ado gaskiya ce.

Na biyu bango. Fenti shi ne abin da ya fi komai canza ɗaki idan aka kwatanta da kuɗinsa, kuma za ka iya yi da kanka da abokinka a yini guda. Ka nemi izinin mai gida tukuna, wani ma idan ka yi magana da kyau yakan rage maka wani abu a kuɗin haya. Fentin ruwa galan biyu na lita 4 yakan ishi ɗaki ɗaya shafa biyu. A Kano za ka samu a Ƙofar Ruwa tare da burushi da abin gungurawa. Launi ɗaya, fari ko ruwan madara. Na san ana yayin yi wa kowane bango launinsa, shuɗi nan, ruwan lemo can, amma wannan yana matse ɗaki, kuma duk abin da ka saya daga baya sai ya yi faɗa da shi. Ka cire tsofaffin ƙusoshi, ka toshe ramukansu, ka kankare inda ya ɓare kafin ka shafa. Kuma a yi fenti kafin a shimfiɗa leda. Na ga wanda ya juya wannan tsari ya kwana yana kankare ɗigo.

Na uku, ɗaga katifa daga ƙasa. Ko ba danshi, katifa a ƙasa ita ce babbar alamar ɗakin da ba a zauna ba. Ba sai ka sayi gado mai madubi da fitilu ba. Je wurin kafinta ka ce ya haɗa maka firam kawai, ƙafafu da katakon shimfiɗa a jere da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa, ba tare da allon kai ba. Ka ce tsayinsa ya kai yadda akwati zai shige ƙarƙashi, ka ga ka samu ma'aji kyauta. Idan wannan ma ya yi nauyi, katakan da ake ɗora buhuna a kansu a sito guda biyu sun isa, a goge su a shafa musu maganin gara. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin gado da bango. Katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi ta ishi mutum ɗaya har da saura. Mai 6 da 6 za ta cinye maka fili mai yawa a ɗakin. Kusan komai na ɗaki ana iya sayensa na hannu, tebur, kujera, fanka, amma ban da katifa da filo. Kuɗin cizo idan ya shigo ta nan, fitar da shi sai ya ci fiye da abin da ka rage. Zanin gado biyu, launi mara zane mai yawa, ɗaya a kai ɗaya a wanki. Kuma a gyara gado kullum da safe. A ɗaki ɗaya gado shi ne abin da ido ke fara sauka a kai.

Labule shi ne na huɗu, kuma nan ma ana yawan kuskure. A samu tsohon zani ko zanin gado a rataya da ƙusa biyu, ko a ɗinka labule daidai girman taga kamar an manna takarda. Ka sayi sandar labule ta ƙarfe, a kafa ta sama da tagar da kamar taƙi ɗaya, ta kuma zarce ta kowane gefe. Yadin ya kai faɗin tagar sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu don ya yi tattara, tsayinsa kuma ya sauka har kusa da ƙasa. Wannan kaɗai yana sa ɗaki ya yi kamar ya ƙara tsawo. Sayen yadi a Kantin Kwari ka kai wa tela ya fi sayen ɗinkakke sauƙi, kuma idan ka tambayi ragowar bandir sukan sassauta. Mai kauri za ka nema, saboda ranar Afrilu da kuma idon masu wucewa. Ƙofa ma a sa mata nata, don ka iya barinta a buɗe iska ta shiga a gidan da ake haya da yawa. Kafin labulen, ka tabbatar ragar sauro ta taga ba ta yage ba.

Haske. Ƙwai ɗaya tal a tsakiyar silin mai farin haske kamar na shagon magani yana sa ɗaki ya zama wurin da ba a son zama. Bar shi don shara da neman abu, ka ƙara ƙaramar fitila a gefen gado ko kan tebur mai ƙwan da haskensa ke da ɗan ruwan ɗorawa. Mai caji za ka saya, tunda ka san halin wuta. Wayoyin caja da na fanka a bi da su jikin bango a ɗaure, kada su yi ta rarrafe a tsakar ɗaki.

Sai mazaunin baƙo, wanda a ganina shi ne ke raba ɗakin yaro da na babba. Idan kawunka ko yayanka ya zo ganin inda ka koma, bai kamata ya tsaya yana neman inda zai zauna ba har ka nuna masa bakin gado. Darduma mai kyau da tumtum biyu sun wadatar, kuma sun fi kujerun kushin dacewa da ƙaramin ɗaki, don ana iya turawa gefe a yi salla. Na fata ana samunsu a Kasuwar Kurmi, ko ka sayi fatar kawai ka cika ta da tsofaffin tufafinka. Ka tanadi tire ɗaya, kofunan gilashi huɗu iri ɗaya, filas ɗin shayi, da kwanon abinci mai murfi wanda ba za ka ji nauyin ajiye wa babba ba. Buta biyu, ɗaya ta baƙo. Sallaya a ninke a wuri ɗaya da aka sani.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Fitar da tufafi daga jaka: sanda ɗaya a kusurwa da hanga goma sha biyu, a rufe da ragowar yadin labule, huluna a jere kan wata 'yar kanta. Takalma a bakin ƙofa kan ɗan katako, kada su wuce nan. Kwandon shara mai murfi, a zubar kullum da dare saboda kyankyasai. Kayan abinci a robobi masu murfi. Idan a ɗakin kake girki, ka buɗe taga da ƙofa duk lokacin da risho ko gas ke kunne, kuma kada ka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyin Janairu ya kai ina, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba. Turaren wuta bayan shara, ba a madadinta ba. A bango abu ɗaya ya isa, agogo ko madubi mai tsayi da ke fuskantar taga, a cire kalandun da shekararsu ta wuce. Da hunturu ka naɗe tsumma ka toshe ƙasan ƙofa, ka riƙa goge leda da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, don tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi ta koma kan gado.

Talabijin kuma ka bari sai albashi na uku ko na huɗu, bayan ka ga yadda ɗakin ya yi da ruwan Agusta.