Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Renon Ƙaramar Tsaka Mai Zanen Damisa

Tsaka mai zanen damisa, wata irin tsaka da ake kiwo a gida don sha'awa, asalinta daga busassun yankuna masu duwatsu na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya take, kuma takan rayu shekara 15 zuwa 20 idan ta samu kulawa. Wahalar renonta tana ƙarama ita ce ba ta nuna damuwa da wuri, sai kuskuren ya yi makonni kafin ya bayyana a wutsiyarta ko yatsunta ko muƙamuƙinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shimfiɗa mata yashi, da zaton dabbar hamada ce, alhali a mazauninta na asali ƙasa mai tauri da tsakuwa take takawa. Ƙaramar tsaka ba ta gwanance da farauta ba, idan ta kai wa gyare cafka sai ta haɗa da yashi, shi kuwa ya taru ya toshe mata hanji, har ta daina ci da kashi. Yashin da ake sayarwa da sunan yana ɗauke da kalsiyam ma bai tsira daga wannan aibi ba. Takardar goge hannu ko tayil ya wadatar, kuma farar takarda tana da wata fa'ida, domin a kanta mai kiwo yake ganin kashin kowace safiya ya san lafiyar cikin.

Sai maganar zafi, wadda a ganina ita ce tushen yawancin matsaloli. Wannan halitta ba ta samar da ɗumin jiki da kanta, kuma abinci ba ya narkewa a cikinta sai ta samu wuri mai ɗumi ta kwanta. Ana so ƙasan gefe ɗaya na akwatin da ake ajiye ta ciki ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyos, ɗaya gefen ya tsaya wajen 24 zuwa 26, don ta riƙa zaɓa da kanta. Masu ɗumama akwatin gaba ɗaya sun hana ta wurin gudu, masu jona shimfiɗar zafi ba tare da na'urar daidaita zafi ba kuma suna iya ƙona mata ciki. A auna zafin a daidai inda take kwanciya, domin ma'aunin da aka manna a saman gilashi iska kawai yake aunawa.

Maɓoya uku take buƙata: ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, da ɗaya mai danshi da aka sa wa jiƙaƙƙiyar takarda ko gansakuka. Na ukun ne aka fi mantawa. Ƙaramar tsaka tana saɓa kusan kowane mako ɗaya ko biyu, jikinta ya yi fari-fari, sannan ta ja tsohuwar fatar da baki ta cinye. Idan babu danshi, ragowar fatar takan naɗe a yatsa kamar zare, ta bushe, ta tsayar da jini har yatsan ya guntule. Bayan kowace saɓa a duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, in an ga saura a tsayar da ita cikin ruwa mai ɗumi wanda bai wuce tafin ƙafarta ba, a goge da jiƙaƙƙiyar auduga a hankali.

Ƙwari kaɗai take ci, ba ta cin ganye ko 'ya'yan itace. Ana ciyar da ƙarama kullum da yamma, da gyare ko tsutsar kiwo ko ƙananan kyankyasan kiwo, kuma kada girman ƙwaron ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. Babban sakaci a nan shi ne ba ta ƙwari haka nan. Ya kamata a ciyar da ƙwarin da kayan lambu awa 24 kafin a ba ta, a kuma barbaɗa musu garin kalsiyam, tare da bitamin D3 da sauran bitamin bisa ƙa'ida. Rashin haka yana kawo laushin ƙashi: ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi taushi har ta kasa riƙe abinci, kuma ƙashin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Kada a kamo mata ƙwarin waje saboda maganin feshi, musamman ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda guba ne a gare ta. Gyaren da bai ciwu ba a cire shi, domin yakan cije ta tana barci.

Haɗa biyu a akwati ɗaya kuskure ne, babbar za ta danne ƙaramar a wurin ci da wurin ɗumi. Haka nan sabuwar zuwa a bar ta mako ɗaya ko biyu ba a ɗauke ta ba, kuma kada a taɓa kama ta ta wutsiya, domin takan yar da ita, alhali a nan take ajiye kitsenta. Idan wutsiyar tana sirancewa, ko ta yi kwanaki tana ƙin abinci duk da zafin ya daidaita, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da sabon kashinta don a duba tsutsar ciki.