Yanda Yahudawa ke haɗa itatuwa huɗu na Idin Bukkoki

Idin Bukkoki, su suna ce masa Sukkot, bikin kaka ne na kwana bakwai da ke farawa ran 15 ga watansu na Tishri, yana faɗowa a Satumba ko Oktoba. Umarnin itatuwan nan yana cikin Attaura, Littafin Firistoci 23:40, kuma har yau haka ake yi.

Toh da farko sai ka nemo kayan. Etrog wani irin lemu ne mai kaurin ɓawo da ƙamshi, ya fi lemun tsami girma, ana noma shi a Isra'ila da Maroko da yankin Kalabiriya na Italiya, kuma shi ne mai wahalar zaɓa don zaka ga mutum ya tsaya yana jujjuya shi a haske yana neman tabo kamar mai sayen zinare, etrog ɗin da aka yi wa aure da wani lemun ma bai halatta ba. Sai lulab, wato tsiron tsakiyar dabino wanda ganyensa bai buɗe ba tukuna, miƙaƙƙe. Sai reshe uku na hadas mai ƙananan ganye masu ƙamshi, da reshe biyu na araba, itacen bakin rafi. Busasshe bai yi ba, na sata ma bai yi ba, ranar farko kuma dole ya zama naka ne ba aro ba.

Wajen ɗauri ka juyo bayan lulab ɗin yana kallonka, hadas a dama araba a hagu, ka ɗaure da ganyen dabinon. Ita araba saurin yaushi gare ta sosai shi yasa ake naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul da daddare.

Da rana ake yi, kuma banda ran Asabar. Ka riƙe damin a hannun dama etrog a hagu, da yawansu sukan kifa kan etrog ɗin ƙasa sai sun gama addu'ar albarka sannan su juyo shi daidai su haɗa hannuwan biyu, daga nan sai girgizawa sau uku-uku ta fuska shida: gaba, dama, baya, hagu, sama, ƙasa. Jerin yana ɗan bambanta tsakanin al'ummominsu amma manufar ɗaya ce, ko'ina na Ubangiji ne, akwai kuma roƙon ruwa a ciki don damunar ƙasar Isra'ila tana shigowa ne bayan idin.

Ma'anar ce ni ta fi taɓa ni gaskiya. Malamansu na da sun ce etrog yana da ɗanɗano yana da ƙamshi, shi ne mutum mai ilimi mai aikin alheri. Dabino akwai zaƙi babu ƙamshi, mai ilimi ne da bai aiki da shi, hadas ƙamshi kawai, mai aikin kirki da bai yi karatu ba. Araba kuwa ba ɗanɗano ba ƙamshi, amma fa in babu ita a damin shikenan ibadar bata cika ba ko da etrog ɗinka ya fi na kowa tsada. Wata fassarar kuma ta ce lulab ƙashin baya ne, etrog zuciya, ganyen hadas ido, na araba leɓe.

A majami'a kullum banda Asabar ana zaga dandamalin karatun Attaura sau ɗaya da su a hannu. Rana ta bakwai, Hoshana Rabba, sai a zaga sau bakwai, a ɗauko wani dami na araba zalla mai reshe biyar a buga shi da ƙasa. Bayan idi ba a jefa su a bola, wasu su dafa etrog da sukari, wasu su ajiye lulab ɗin har wani idin nasu, Idin Ƙetarewa, su ƙona ragowar burodi mai yisti da shi.