Shawara ga masu zuwa bitar rubutun labari a Tawa

Ƴan uwa marubuta, in za ku zo zaman bita, kada ku kwaso littafin gaba ɗaya. Babi guda ya isa, shafi 5 ko 6, a yi fotokofi kowa ya samu nasa. Ku miƙa wa wani ya karanta da ƙarfi, ku kuma ku kama bakinku.

Wallahi ni sai da wata malama ta karanta nawa na ji tsohuwar da na ce ƴar Adar ce tana cewa "tafi" da "fara" kamar Bakanuwa. Da na mayar mata da "tahi" da "hwara", sai ga ta kamar kakata tana magana bakin murhu.

Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ku ja layi da jan bik, gyara sai an koma gida.