Kurakuran da ake yi wajen zaɓen keken ɗinki na gida, da yadda za a gyara su

Kuskure na farko yana faruwa tun ba a je wurin mai sayarwa ba: mutum ya yanke shawarar keken da zai saya alhali bai zauna ya lissafa abin da zai riƙa ɗinkawa ba. Labule da zanen gado dogon ɗinki ne miƙaƙƙe, keken da ke tafiya daidai ba ya karkata yadi suke so. Kayan yara na yadi mai talewa sai da zigzag, domin miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake yi da zarar an ja rigar. Jaka ta kambas ko kalmasar wandon jins kuwa ƙarfin inji suke nema, da ƙafar danne yadi da ke ɗaguwa sosai. Ka rubuta abubuwa biyar da za ka fara ɗinkawa, ka duba wanne ya fi kauri, wanne ya fi santsi. Waɗannan biyun su ne za su zaɓa maka keke.

Daga nan sai ruɗin yawan ɗinki. Za ka ga an rubuta a kwali cewa keken yana da salo 100 ko 200, sai a ɗauka ya fi mai salo 12. Aikin gida kusan duka ana gama shi da miƙaƙƙen ɗinki, da zigzag, da ɗinkin komawa baya na ɗaure bakin zare, da gidan maɓalli. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko keken yana barin ka sauya tsawon ɗinki da faɗin zigzag da kanka. Yadi na yau da kullum yana son tsawon milimita 2.5, mai kauri yana son 3 zuwa 4, tattara kuma sai an kai ƙarshen ma'auni. Akwai kekuna masu arha da aka kulle musu waɗannan ma'aunai, sai abin da kamfani ya zaɓa maka. A guje su. Haka ɗan ƙaramin keken nan da ake riƙewa a hannu: yawancinsu zare ɗaya suke amfani da shi ba kwarkwaro, wato abin naɗa zaren ƙasa, kuma idan aka ja bakin zaren sai ɗinkin ya warware gaba ɗaya.

Wasu kuma can ɗaya gefen suke faɗawa, su ce tunda ƙarfi ake nema bari a sayi na masana'anta. Keke irin Juki DDL-8700 yana iya kaiwa ɗinki 5,500 a minti ɗaya, na gida kuwa tsakanin 700 da 1,100 yake. Ga mai koyo wannan gudun wahala ce. Ban da haka, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, babu zigzag babu gidan maɓalli, yana zaune a teburinsa ba ya ɗaukuwa, allurarsa ma daban take. Wanda zai wuni yana ɗinki don sana'a shi ya dace da shi, kuma ko shi ɗin gara ya nemi mai injin da ake kira servo, wanda ake rage wa gudu kuma ba ya kunnuwa sai an taka, maimakon mai kuloci da ke ta ruri ko ba a ɗinki. Keken wibin ma ba ya maye gurbin keken ɗinki. Yana yanke bakin yadi ya daje shi da zare uku ko huɗu, amma ba za ka sa zif da shi ba. Keken da ake saya na biyu ne, ba na farko ba.

Baƙin kai na ƙarfe mai feda, irin ƙirar Singer 15 da kamfanoni irin su Butterfly suka kwaikwaya, bai kamata a raina shi ba. Ba ruwansa da wuta, yana jure aiki, kayan gyaransa ba sa wuya, ana kuma iya ɗaura masa ƙaramin inji daga baya. Sai dai a san cewa miƙaƙƙe kawai yake yi, wasu tsofaffin ma ba su da komawa baya.

Kuskuren da ya fi ƙona kuɗi nan take shi ne na wuta. Keken da aka yi don Amurka yana aiki da bolt 110 zuwa 120, na Japan 100, alhali ƙasashe da yawa suna kan 220 zuwa 240. Idan aka jona na 110 a wutar 220, injin ko allon kwamfutarsa ya tafi ke nan. Adaftar da ke sauya bakin fulogi ba ta rage wuta ko kaɗan. A karanta ƙaramin allon da ke jikin keken kusa da inda waya ke shiga, idan bai dace ba a haɗa da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta. Inda wuta ke hawa da sauka kuma, keke mai kwamfuta yana buƙatar sitabilaiza, mai maɓallan murɗawa ya fi shi haƙuri.

Kada a saya ba a gwada ba, kuma kada a gwada da ƙyallen mai shago, don shi ya san wanda keken ke so. Ka zo da naka: guntun jins, guntun yadi mai santsi, guntun mai talewa. Ninka jins ɗin huɗu, sannan shida, ka bi ta kan tudun a hankali. Ka taka feda kaɗan ka ga ko keken zai tafi sannu ko kuwa sai ya yi gurnani sannan ya zabura. Saki yadin na ɗan lokaci ka ga ko haƙoran da ke ƙarƙashin ƙafa suna jan sa miƙe. Juya ɗinkin ka duba ƙasa: ƙullin zaren sama da na ƙasa ya kamata ya ɓuya a tsakiyar yadi. Ɗaga keken ma gwaji ne, domin wanda ƙashinsa na ciki ƙarfe ne yakan kai kilo 6 zuwa 8, mai sauƙi ƙwarai kuwa rawa yake yi a kan tebur. In na hannu ne, wato wanda aka yi amfani da shi, a juya wilin hannu zuwa wajenka a ji ko yana cijewa, a duba waya ko ta tsage, a buɗe a leƙa giya, domin na roba suna tsagewa in sun tsufa. A kuma tabbatar feda da ƙoshiya, wato gidan kwarkwaro, da ƙafar zif da ta gidan maɓalli suna nan. Kafin a biya, a tambayi mai gyaran keke ko ana samun kayan wannan samfurin.

Bayan an kawo keke gida, akasarin abin da ake kira lalacewa daga allura da zare yake. Kekunan gida suna amfani da allura mai lamba 130/705 H, wadda gefe ɗaya na gindinta a shafe yake. Ta masana'anta irin DBx1 gindinta zagayayye ne, ba za ta zauna daidai ba. Girma ma da muhimmanci: 70/10 ga yadi mai laushi, 80/12 ko 90/14 ga auduga, 100/16 ko 110/18 ga jins da kambas. Yadi mai talewa yana son allura mai dunƙulallen baki, wadda ke ratsawa tsakanin zare ba ta huda shi ba, in ba haka ba keke zai riƙa tsallake ɗinki. A yawancin sababbin kekuna shafaffen gefen allurar yana kallon baya, a baƙin kai kuwa gefe yake kallo, don haka a duba littafin keken. A tura ta sama har ta tsaya kafin a ɗaure, a kuma sauya ta bayan kamar awa 8 na ɗinki ko da ba ta karye ba.

Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, nan da nan mutane sukan kama sukurun ƙoshiya su yi ta murɗawa. Matsalar kusan kullum daga zaren sama take. An zura shi ne ƙafa tana ƙasa, faifan da ke matse zare suna rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba. A ɗaga ƙafa, a kai allura can sama, a zare zaren duka a sake zurawa, a tabbatar ya bi ta sandar da ke hawa da sauka. A mayar da lambar tsaurin zare wajen 4, a riƙe bakin zarurrukan biyu a ɗinki na farko. Kwarkwaro kuma kama suke yi da juna amma ba ɗaya ba ne: lamba 15 bakinsa a shafe, lamba 66 ya ɗan lanƙwasa, tsayinsu ma ya bambanta. Wanda bai dace ba zai yi ƙara ya tsinka zare. A je da na asali a gwada kafin a sayo ƙari.

Jan yadi daga baya don taimaka wa keke shi ke lanƙwasa allura, ta daki farantin da ke ƙarƙashinta, har ta kai ga saitin ƙugiyar da ke kamo zare ya goce, sai an kai wa mai gyara. Aikin hannu shi ne saita hanya kawai. In an zo tudu, a saka ninkakken ƙyalle a ƙarƙashin bayan ƙafa don ta daidaita, a juya wili da hannu har a wuce.

Mai kuma sai man keken ɗinki, fari mai ruwa-ruwa. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo ya kama ƙarfe, na mota kuma ya yi kauri. Ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa ya isa, bayan an cire faranti an share ƙurar auduga da ɗan buroshi, ba da hurawa ba, don hurawa ciki take ƙara tura ta. Wasu kekuna masu kwamfuta kamfani ya hana a sa musu mai a gida, saboda haka a bi abin da littafinsu ya ce. Bayan an sa mai, a fara ɗinki a kan tsumma har tabo ya daina fita kafin a ɗora yadin gaske.